DAGA ZAUREN ISLAMIYYA: Rana Ba Ta Da Laifi, Amarya Ma Haka

    

A fitowar da ta gabata na yi muku alkawarin za mu ci gaba da bayani a kan hukunce-hukuncen jinin biƙi. To ku yi mini afuwa, wani abu ya faru a kusa da ni wanda ya hana ni sukuni, na ga bai kamata in bar shi ya huce ba tare da mun tattauna shi ba.

Akwai wata baiwar Allah a ajinmu na matan aure da muke yi tsakanin Azahar da La'asar a nan Babban Duhu. Ta girme ni nesa ba kusa ba, don haka Gwaggo nake ce mata, ita kuwa ba ta yarda ta kira ni da komai ba sai Malama. Mace ce da ba ta fashin makaranta ko ana ruwa, sai ga shi ta yi mako biyu ba a gan ta ba. Da na je duba ta, sai na tarar da 'yarta da muka kai ɗakin miji bai fi wata ɗaya ba, tana zaune a kan turmi, idanu sun kumbura don kuka.

Abin da ya faru shi ne, tun farko iyaye maza sun zauna sun sa rana bayan an gama kai amfanin gona gida. Da aka lissafa sai aka ga ranar ta faɗo a cikin watan Safar. Uwar ango ta ce sam ba da ɗanta ba. Ta shirya takanas ta tafi wani gari wajen mai duba, ya baza yashi, ya tambayi sunan ango da na amarya da na iyayensu mata, ya yi zane-zanensa da lissafinsa, ya ba ta wata ranar, ya ce ranar sa'a ce wadda babu irinta a shekarar. Ta ajiye masa abin sadaka mai kauri ta dawo. Aka ɗaga biki, aka yi shi a ranar da ya zaɓa. Kwana goma sha biyu da tarewa, ɓarayin daji suka shiga ƙauyen cikin dare suka kore shanun huɗar gidan da tumaki. Ba gidan kaɗai aka shiga ba, gida biyar aka yi wa wannan ta'asa a daren. Amma kafin rana ta take, magana ta zaga gari cewa amarya farar ƙafa gare ta. Bayan kwana uku aka ce ta je gida ta huta.

Gwaggo ta kama hannuna ta ce, "Malama, don Allah ki gaya mani gaskiya. Ranar ce ba ta yi ba, ko kuwa ɗiyar tawa ce ke da farar ƙafar da gaske?"

'Yar uwa, ki lura da tambayar nan da kyau. Uwa ce, mai sallah da azumi, mai zuwa makaranta, amma amsa biyu kaɗai take gani a gabanta: ko laifin rana, ko laifin 'yarta. Ɓarayin da suka kore shanun ma ba su shigo cikin lissafin ba, balle mai duban da ya karɓi kuɗi ya ce rana ce mai sa'a. Amsar da na ba ta a ranar ita nake son in faɗaɗa mana a yau.

RABIN SHEKARA A HANNUN CAMFI

Mu Hausawa mutane ne masu kula da rana. Ko sunayenmu sun nuna haka: Ladi da Ɗanladi, Altine, Talatu, Larai da Balarabe, Lami, Jummai, Asabe. Wannan ba laifi ba ne, tarihin haihuwa ne kawai. Inda gizo ke saƙar shi ne inda muka raba ranakun Allah gida biyu, muka ce waɗannan na alheri ne, waɗancan na tsiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kaina na tashi a gidan da kakarmu ba ta bari a yi mana kitso ko a fara ɗinkin sabon kaya ranar Laraba. A wani gidan Asabar ake gudu, wai abin da aka yi a cikinta sai ya maimaita kansa. Sannan ga kwanakin da ake kira nahisa, guda bakwai a kowane watan Musulunci: 3, 5, 13, 16, 21, 24 da 25 ga wata, wai ba a ɗaura aure ko tarewa ko tafiya ko kafa tubalin gini a cikinsu. Ga watan Safar ɗungurungum, ga kuma Larabarsa ta ƙarshe da ake kira Larabgana, wadda ake cewa bala'o'i 320,000 ke sauka a cikinta.

Bayan na dawo daga gidan Gwaggo sai na sa ɗalibaina muka yi wani ɗan lissafi a allo. Shekarar Musulunci kwana 354 ce. Nahisa bakwai sau wata goma sha biyu, kwana 84 ke nan. Muka ƙara ragowar kwana 22 na Safar, ya zama 106. A cikin kwana 248 da suka rage muka cire Laraba da Asabar, wajen kwana 70. Jimilla 176. Wato kusan rabin shekara cif, mun haramta wa kanmu ita da bakinmu. Wata ɗaliba ta ce, "Malama, ashe da manomi zai bi wannan da yunwa ta kashe mu." Aji ya kwashe da dariya, amma maganarta ita ce gaskiyar lamarin. Idan ruwan shuka ya sauka daren Talata, babu magidancin da zai ce ba zai fita da sungumi ranar Laraba ba. Ba na jin kuma akwai matar da naƙuda ta taɓa kama ta ranar 13 ga wata ta ce wa jaririn ya dakata sai 14. Camfin namu ya fi ƙarfi ne a wajen aure da tarewa da kitso da unguwa, wato a kan harkokin mata.

Wannan abu ba jiya ya fara ba, kuma ba jahilai kaɗai suka riƙe shi ba. Ilimin hisabi, inda ake bai wa kowane harafin Larabci adadi, a tara na sunaye a raba a duba abin da ya rage, ya daɗe a zaurukan malaman ƙasar Hausa. Ɗaya daga cikin mashahuran malaman da ƙasar Katsina ta fitar, Muhammad al-Kashnawi al-Fulani, ya yi suna ne a lissafi da hatimai da taurari. Ya tafi aikin Hajji, ya zauna a Alƙahira, ya wallafa littafin Durrul Manzum a kan wannan fanni, ya kuma rasu a can a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Kafin shi da shekaru kusan dubu, masana taurari ne suka zaɓa wa Halifa Mansur lokacin da aka kafa harsashin birnin Bagadaza a shekarar 762. Zaɓen bai hana Mongol su ragargaza birnin a 1258 ba. Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zo, a littafinsa Nurul Albabi ya yi kakkausar suka ga masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa ko taurari ko kukan tsuntsaye. A wannan littafin ne kuma ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ina ganin ba banza ba abubuwan biyu suka haɗu a littafi ɗaya, domin kuwa kasuwar mai duba ba ta ci sai inda aka bar mata babu karatu.

MU LEƘA ƘASAR SIN

Wata za ta iya cewa, to ai wataƙila ilimin gaskiya ne, masu duban namu ne ba su ƙware ba. Don amsa wannan, bari in kai ki wajen waɗanda suka fi kowa ƙwarewa. Kayan ƙasar Sin sun cika ɗakunanmu, tun daga kwanukan jere har tocila da wayar hannu, amma ba kowa ya san cewa da wuya a sami al'ummar da ta kai Sinawa daɗewa da tsara ilimin zaɓen rana ba. Idan akwai ranar sa'a a ɓoye cikin kalanda, su ya kamata su fara gano ta.

Fiye da shekara 3,000 da suka wuce, a zamanin daular Shang, bokayen fada kan gasa ƙoƙon bayan kunkuru ko allon kafaɗar sa har ya tsage, su duba tsagar su gaya wa sarki ko kwanaki masu zuwa na lafiya ne. Tun a lokacin suna da wani zagaye na sunaye 60 da suke ƙirga ranaku da shi, daga baya suka riƙa ƙirga shekaru ma da shi. A 1975 an tono kabarin wani ma'aikacin hukuma a lardin Hubei, wanda aka binne wajen shekara ta 217 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). A cikin kayan da aka binne shi da su har da littattafan ranaku da aka rubuta a kan tsagin gora, suna bayanin ranar da ta dace da aure, da tafiya, da gini, har da yankan sabon tufafi. Kin ji fa, irin dai abin da kakata ke faɗa. Har gobe ana buga irin wannan kalanda duk shekara, wadda mutanen Hong Kong ke kira Tung Shing, kowace rana an rubuta abin da ya dace a yi da wanda za a kauce wa. Suna ma da nasu Safar ɗin, wato watansu na bakwai da suke kira watan fatalwa, wanda da yawansu ba sa biki ko tarewa a cikinsa. Ko wasannin Olamfik da aka yi a Beijin, ranar 8 ga watan 8 na 2008 da ƙarfe 8 na dare aka buɗe su, saboda a harshensu lafazin takwas ya yi kama da na kalmar arziki.

To me duk wannan ƙwarewa ta haifar? Tsohon littafin tarihinsu ya kawo labarin Sarki Wu na daular Han, wanda ya yi mulki daga shekara ta 141 zuwa ta 87 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Wata rana ya tara masu duba na fada daga mazhabobi bakwai, ya ambaci wata rana, ya tambaye su ko ta dace a ɗauki amarya a cikinta. Na farko suka ce ta dace. Na biyu suka ce ba ta dace ba. Wasu suka ce mummuna ce ƙwarai, wasu suka ce muninta kaɗan ne, wasu suka ce kyanta kaɗan ne, wasu kuma suka ce ai babu ranar da ta fi ta. Gardama ta ƙi ƙarewa, sai da sarki ya yanke hukunci da kansa cewa a bi mazhaba guda. Rana ɗaya, amsa bakwai. Shekaru fiye da 1,800 bayan haka rikicin bai mutu ba, har sai da Sarki Ciyanlong ya sa masanan fadarsa a 1739 su tace littattafan zaɓen rana saboda yadda suke cin karo da juna. Suka fito da wani kundi mai juzu'i 36 a 1741, shekarar da malaminmu al-Kashnawi ya rasu a Alƙahira.

A cikinsu ma an sami masu hankalin da suka ƙi yarda. Wani masani mai suna Wang Cong, wanda aka haifa a shekara ta 27 bayan haihuwar Annabi Isa (A.S.), ya tarar mutanensa na cewa akwai ranar da in mace ta wanke kai za ta yi farin jini, akwai kuma wadda in ta wanke za ta yi furfura. Sai ya ƙalubalance su da su kawo 'yar shekara goma sha biyar ta wanke kai a ranar furfurar, a ga ko kan nata zai yi fari. Da na karanta wannan sai na tuna Larabobin da na kwana da tsefaffen kai a banza.

Abin da ya fi taɓa ni kuwa a Japan ya faru, inda suka ari wancan zagaye na 60 daga Sinawa. A cikinsa akwai shekarar da ake kira ta dokin wuta, wadda suka camfa cewa macen da aka haifa a cikinta za ta yi taurin kai, ta zama ajalin mijinta. Da shekarar ta zagayo a 1966, haihuwa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a ƙasar baki ɗaya, saboda iyaye na tsoron su haifi 'yar da za ta rasa mijin aure. Ƙasa ce mai jiragen ƙasa masu gudun tsiya da manyan jami'o'i, amma ga farar ƙafa can ma, an dai sauya mata suna. Ki duba ki gani, daga Japan har Safana, mace ce ke biyan kuɗin camfi. In abu ya yi kyau a ce mai duba ya iya aiki, in ya ɓaci a ce ƙafar amarya ce.

ME ADDININMU YA CE?

Larabawan jahiliyya su ma suna da nasu. Sukan fasa tafiya saboda tsuntsu ya tashi ta hagu, suna tsoron kukan mujiya, suna ƙin aure a watan Shawwal. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya kore camfi da tsuntsu, ya kore na mujiya, ya kuma kore na Safar, wanda malamai da yawa suka fassara da camfa watan. Uwar Muminai Nana A'isha (R.A.) kuwa, kamar yadda Muslim ya ruwaito, takan yi alfahari da cewa a Shawwal aka ɗaura mata aure, a Shawwal ta tare, kuma babu wadda ta fi ta samun matsayi a wajen Annabi (S.A.W.). Har ma takan so a kai matan danginta ɗakin miji a watan, don ta karya camfin. Wannan ita ce uwarmu, ita ya kamata mu yi koyi da ita.

Masu riƙo da nahisa sukan kafa hujja da cewa kalmar ta zo a Alƙur'ani. Gaskiya ne ta zo, a Suratul Ƙamar da Suratu Fussilat, a labarin halakar Adawa. Amma Suratul Haƙƙa ta bayyana cewa iskar ta yi dare bakwai da yini takwas tana kaɗawa, wato babu ranar mako da ba ta shiga ciki ba, har da Juma'a. In don wannan ne, to duk ranakun sun zama nahisa ke nan. Kuma kwanakin da suka zama na halaka ga Adawa, su ne na tsira ga Annabi Hudu (A.S.) da waɗanda suka yi imani da shi. Ashe aikin mutum ne ke sa rana ta yi masa kyau ko muni. Maganar bala'o'i 320,000 na Larabgana kuwa ba ta tabbata daga Annabi (S.A.W.) ba. Ƙarin abin lura, Nana A'isha ta ruwaito cewa sun bar Madina zuwa Hajjin Bankwana saura kwana biyar Zulƙida ya ƙare, wato wajen 25 ga wata, kuma malaman tarihi da dama sun ce ranar Asabar ce. Nahisa da Asabar a haɗe, ga kuma hajjin da babu irinsa.

Na san wata za ta ce ta taɓa jin hadisin da ya ambaci shu'umci a mace da gida da doki. Akwai shi. Amma wata ruwayar ta zo da sharaɗi ne, wato da a ce akwai shu'umci a wani abu da a nan zai kasance. Imamu Ahmad kuma ya ruwaito cewa Nana A'isha ta yi fushi da ta ji ana yaɗa shi haka, ta ce Annabi (S.A.W.) labarin abin da mutanen jahiliyya ke faɗa yake bayarwa. Malaman da suka bar hadisin a kan lafazinsa ma, da yawansu sun fassara shi da mugun hali da rashin jituwa, abin da ake gani da ido a zaman tare. Babu inda aka ce yarinyar da ke kwance a ɗakinta ita ta kira ɓarayi. Wanda ya jefe ta da wannan ya zalunce ta, kuma Allah zai tambaye shi.

Sannan mu ji tsoron Allah game da zuwa wajen masu duba. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba. Ki auna, 'yar uwa. Kin sayar da akuyarki kin kai masa kuɗin, kin dawo da rana, kin bar sallar kwana arba'in a can.

TO KADA A ZAƁI RANA KE NAN?

A'a, a zaɓa mana. Ai Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Abin tambaya shi ne, da me aka zaɓa? Manomanmu da malamanmu suna ƙirga taurari 28 na shekara, kowanne kwana 13 in ban da ɗaya mai 14, suna sanin cewa in Haƙ'a ta kama damina ta kusa zama, in an shiga Ɗarfa da Jabha ruwa ya yi ƙarfi. Sinawa ma masaukai 28 suka raba sama. Wannan ilimin lokaci ne, kamar duba agogo, babu laifi a cikinsa muddin an san Allah ne Mai saukar da ruwan, ba tauraron ba. Annabi (S.A.W.) ya kasance yana son fita tafiya ranar Alhamis, ya kuma roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, amma bai taɓa hana fita a wata rana ba.

Mu da muke zaune a gefen dajin Rugu mun fi kowa sanin zaɓen rana na hankali. Mun san a kai amarya da hantsi ya fi a kai ta bayan Magariba. Mun san a bi hanya ranar da motoci ke da yawa, a kuma tambayi waɗanda suka fito ta can kafin a tashi. Mun san biki bayan kaka ya fi sauƙi a kan biki a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wannan shi ne riƙo da sababi, addini ma ya yi umarni da shi. Ba na kuma zargin iyayenmu da ke rugawa wajen masu duba da mugun nufi. Tsoro ne. Wanda ya shekara goma yana kwana da kunne ɗaya a buɗe, ya ga lokacin da aka rufe layukan waya a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomi a watan Satumba na 2021 har ba ka iya jin lafiyar ɗan uwanka, dole ya so wani ya ce masa gobe lafiya. Sai dai mai duban bai san goben ba. Da ya sani, da ya gaya wa uwar angon nan ta kwana da shanunta a wani wuri.

Inda abin ya fi haɗari shi ne wajen rashin lafiya. Na san gidan da zazzaɓi ya kama yaro ɗan shekara biyu a daren Larabgana, kakarsa ta ce ba mai fita da shi sai Alhamis, a ba shi rubutu. Kafin Alhamis ɗin ya fara sanƙarewa. Allah Ya yi da sauran kwanansa a gaba, amma sai da aka ƙara masa jini. Zazzaɓin cizon sauro kan iya tsananta ga ƙaramin yaro a cikin yini ɗaya. Mace mai ciki da ta ga jini, ko yaron da jikinsa ya yi zafi, ranar da za a kai su asibiti ita ce ranar da abin ya faru, ko da Larabgana ce.

Don haka idan an zo sa ranar 'yarki, ga abin da nake ba ki shawara. Ku duba aljihunku da na angon, ku duba lafiyar hanya da lokacin da dangi za su iya zuwa. Ki tambayi yarinyar a keɓe game da kwanakin al'adarta, wannan shi ne lissafin da ya kamata uwa ta yi, amma sau da yawa kunya kan sa a manta da shi. Ku yi shawara da manya. Sannan ke da ita da mahaifinta kowa ya yi Istihara da kansa, raka'a biyu da addu'ar da Jabir (R.A.) ya ce Annabi (S.A.W.) yana koya musu ita kamar yadda yake koya musu sura. Ba a ba da kwangilarta, ba kuma sharaɗi ne sai an yi mafarki ba. In kuma kin ji ɗar a zuciyarki saboda abin da kika taso kina ji, ba ke kaɗai ba ce. Wani sahabi ya kai wa Annabi (S.A.W.) irin wannan kuka, ya nuna masa cewa abu ne da mutum kan ji a ransa, kada dai ya bari ya hana shi abin da ya yi niyya. Ni ma ranar da na fara zama a yi mini kitso ranar Laraba sai da gabana ya faɗi. Ga ni nan, kan bai zube ba.

Kafin in rufe, na san za ku so ku ji yadda ta kaya da 'yar Gwaggo. Mahaifinta da limamin ƙauyen sun zauna da mijin, ni kuma na roƙi wata dattijuwa ta raka ni wajen uwar mijin. Na gaishe ta na ce, "Inna, gida biyar aka shiga a daren nan. Sauran huɗun wace amarya aka kai masu?" Ta yi shiru, can ta ce, "Malama, mu haka muka taras." Na ce haka ne Inna, amma ke ma kina da 'ya'ya mata a gidan wasu. Alhamdu lillahi, mijin ya zo biko, yarinya ta koma ɗakinta. Sai dai ba zan ɓoye muku ba, har yanzu akwai matan da in ta zo sayen ƙuli ko daddawa da safe sukan ce ta dawo an jima, ba a yi sabon ciniki ba. Shanu ana iya mayar da su in Allah Ya hore, amma sunan da muka laƙaba wa 'yar mutane da bakinmu yana iya bin ta har jikokinta. Mu mata mu muka fara faɗar kalmar nan a bakin rijiya, mu ne kuma za mu iya kashe ta. Duk ranar da kika ji an ce wance farar ƙafa gare ta, ki daure ki ce a ji tsoron Allah, ko da ke kaɗai ce a wajen.

Iyayenmu sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta yi. To rana ba ta kuma cin amanar kowa. Allah Ya tsare mana imaninmu, Ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya a ɗakunansu, Ya mayar wa waɗanda aka yi wa sata da mafificin alheri, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko ta hannun edita kamar yadda aka saba. A wata mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma kan alkawarinmu na jinin biƙi.

Wassalamu alaikum. Taku a kullum, Malamarku daga Babban Duhu.